Inda aka kwana: bidiyonmu kan yadda ake zaɓen 'yan jimnastik zuwa Paris 2024

Lahadi, 12 ga Mayu 2024

Aikin da muka sa a gaba shi ne bidiyo kashi biyar da Hausa kan yadda ake tankaɗe da rairaya har a fitar da mata biyar ɗin da za su tsaya wa ƙasa a jimnastik a gasar Olamfik, da irin shirin da ake musu kafin a je. Amurka na ɗauka saboda su komai nasu a faifai yake, ƙa'idar zaɓen ma rubuta ta suke su saka a intanet, makin kowace yarinya kuma kana iya bin sa tun daga farkon shekara. Ni ke rubutu da ɗora murya, ƙanena shi ne edita. Nan zan riƙa ajiye inda aka kwana don masu tambaya ta inbos su huta ni ma in huta.

Yau na gama rubutun kashi na ɗaya, wato lissafin maki, don in ba a gane wannan ba sauran duk tsalle-tsalle kawai mutum zai gani. Da yawa har yanzu in ka ce jimnastik maki 10 cif suke tunawa, irin wanda Nadia Comaneci ta samu a Montreal a 1976 tana 'yar shekara 14. To wancan tsarin an binne shi tun 2006. Yanzu maki biyu ake haɗawa. Akwai na wahala wanda shi ba shi da iyaka, ana ɗaukar motsi takwas mafi wuya da yarinya ta yi a tara darajarsu, mafi sauƙi 0.1 mafi wuya 1.0, a ƙara da ladar haɗa motsi da motsi ba tsayawa. Sai na tsafta, shi daga 10 yake farawa alƙalai suna yanka, gwiwa ta lanƙwashe a yanka, ƙafafu sun buɗe a yanka, ta dira ta ƙara taku a yanka, faɗuwa kuwa maki 1 ne cur.

Kayan wasan mata huɗu ne: tsallen tebur, sanduna biyu doguwa da gajeriya, katako, sai dabe. A tsallen tebur kowane tsalle da farashinsa a littafi. Wanda yawancin manyan 'yan wasa ke yi 5.0 ne, na Simone Biles 6.4, kenan tazarar 1.4 tun kafin a fara gudu, ko ta faɗi aka cire mata 1 tana nan gaba a lissafin wahala. Wannan shi ne misalin da zan buɗe da shi.

Katakon faɗinsa santimita 10 ne, tsawonsa mita 5, tashinsa daga ƙasa mita 1.25. Mun ja layi biyu da alli a tsakar gida tazarar santimita 10, ƙanena ya ɗauki ƙafata a tsakani, tafin ƙafar ya kusa cinye layukan gaba ɗaya. Wannan ɗaukar ta fi duk bayanin da na rubuta.

Lahadi, 19 ga Mayu

Jiya aka yi gasar Classic a Hartford, ita ce babbar fitowa ta farko a bana ga yawancinsu. Biles ta tashi da 59.500, Shilese Jones na bin ta, kuma wlh Jones a kan sanduna abin kallo ce, doguwa ce layin jikinta a miƙe kamar an ja da rula. Gabby Douglas da ta ci zinare a London 2012 ta dawo tana shekara 28, rabonta da fagen nan tun Rio 2016 sai bana, ta faɗo sau biyu daga sanduna ta janye daga sauran. Konnor McClain kuma agararta ta tsinke wajen ɗumama jiki. Shikenan nata ya ƙare tun ba a je ko'ina ba.

Na buɗe tebur a kwamfuta wanda shi ne ƙashin bayan kashi na uku. Abin da nake so mai kallo ya riƙe kenan: ba wai a jera gwanaye a ɗauki biyar na sama ba ne kawai. A fainal na ƙungiya mutum uku ke hawa kowane kaya kuma makin duk ukun ake ƙirgawa, ba a yar da ko ɗaya. Kaya huɗu sau uku, gurbi 12 kenan, kuma mutum biyar za su cike su. Biles ita kaɗai tana cike huɗu. Saura takwas a raba wa mutum huɗu, shi ya sa yarinyar da ta zo ta takwas a jimilla amma ita ce ta biyu a sanduna tana iya shige wa ta huɗu da komai nata matsakaici ne. A zagayen share fage kuwa huɗu ke hawa a ƙirga uku, to dole kowane kaya a samu mutum huɗu da za su iya, ga kuma tunanin in wata ta ji ciwo a can wa zai toshe.

Yawan 'yan tawagar ma canzawa yake, 7 ne a Atlanta 1996, ya koma 6 daga 2000 zuwa 2008, 5 a London da Rio, 4 a Tokyo, yanzu an dawo 5. Duk sanda aka rage sai masu kaya ɗaya su rasa kasuwa.

Teburina na yau: Biles, Jones, Skye Blakely, Sunisa Lee, gurbi na biyar tsakanin Jade Carey, Jordan Chiles da Kayla DiCello.

Lahadi, 26 ga Mayu

Satin nan kashi na biyu ya cinye shi, wato daga ina ake fara samo su. Shi ne ya fi ba ni wahala don rabinsa daɗi rabinsa ɓacin rai.

A Amurka ba gwamnati ke renon su ba. Kulob ne masu zaman kansu, iyaye ke biya, yarinya na hawa mataki daga 1 zuwa 10. A gefe akwai shirin TOPs na 'yan shekara 7 zuwa 10 inda ake gwada ƙarfi da laushin jiki, hawa igiya da hannu zalla ƙafa ba ta taɓa igiyar, tsayuwa a kan hannu, ɗaga ƙafafu ana rataye, sai shirin Hopes na waɗanda suka ɗan tasa. Kafin a kira yarinya 'yar ajin ƙoli sai ta ci wani maki a gasar tantancewa. Daga nan tirenin ya koma awa talatin da wani abu a sati, yawanci sau biyu a rana, da yawa makaranta ma a gida ko ta intanet suke yi. Iyali kan tashi gari guda saboda koci. Su Hezly Rivera daga New Jersey suka koma Texas don ta shiga kulob ɗin WOGA wajen Valeri Liukin. Chiles ta baro jihar Washington a 2019 ta koma World Champions Centre, kulob ɗin gidan su Biles a Spring, ƙarƙashin Cecile da Laurent Landi.

Yadda sabon motsi ke shiga wasa shi na fi so a gani da kyau. Ba a fara shi a ƙasa mai tauri. Da farko a kan tarampolin ko da bel a ƙugu koci na riƙe da igiya, sai a koma ramin da aka cika da gutsattsarin soso inda ko da ka yarinya ta faɗa ba komai, sai a ɗora katifa a kan ramin, sai a ƙara wata har tsayin ya kai na gasa, sai katifa mai laushi a ƙasa, sannan a zo kan mai taurin da ake dira a gasa. Bayan nan ma sai an saka shi cikin rabin wasa, sannan cikakken wasa lokacin da numfashi ya ƙare ƙafa ta yi nauyi, don motsin da aka iya da sabon jiki daban yake da wanda za a yi a daƙiƙa ta 80 a dabe. Tsallen nan na Biles, a Fabrairun 2020 ta saka bidiyo tana yin sa cikin rami, a Mayun 2021 ta fara yin sa a gasa, sai a gasar duniya ta Antwerp a 2023 aka sa masa sunanta. Wannan fa Biles ce.

Kowace tana kulob ɗinta da kocinta amma ana tara 'yan tawagar ƙasa a sansani lokaci-lokaci, su yi wasansu gaban shugabanni da alƙalai a ba su maki, daga nan ake ganin wa za a tura gasar waje. Martha Karolyi ce ta riƙe wannan tsarin daga 2001 zuwa 2016 a gonarsu cikin daji kusa da Huntsville a Texas, ita da mijinta Bela wanda ya horar da Nadia kafin su baro Romaniya a 1981. Zinaren ƙungiya na 2012 da 2016 a hannunta aka ci. Amma 'yan wasan da suka bi ta wurin da yawa sun fito sun faɗi yadda zaman yake, iyaye ba sa shiga, ana tsoron a ga kana ci, ciwo ɓoye shi ake don kar a ce ba ki da ƙwari a ajiye ki. A cikin wannan tsoron likitan tawagar Larry Nassar ya shekara da shekaru yana lalata da yara da sunan magani, sai Janairun 2018 aka yanke masa shekara 40 zuwa 175 bayan mata sama da 150 sun yi magana a kotu, a watan ne kuma aka daina amfani da gonar. Ƙanena ya ce yaya a tsallake wannan, bidiyon zai yi nauyi. Na ce a'a. Wanda ke da ikon zaɓe shi ke da ikon sa yaro ya yi shiru, in an cire wannan to ba a yi bayanin zaɓe ba. Za mu faɗe shi a mutunce ba tare da shiga dalla-dalla ba.

A 2022 aka raba kujerar shugabancin tawagar gida uku, biyu daga ciki tsofaffin 'yan wasa ne na tawagar 2008, Chellsie Memmel da Alicia Sacramone Quinn.

Litinin, 3 ga Yuni

An gama gasar ƙasa a Fort Worth jiya. Biles ta ci karo na 9, maki 119.750 a kwana biyu. Blakely ta biyu, DiCello ta uku, Lee ta huɗu. Douglas ta janye tun kafin a fara saboda idon sawu, nata ya ƙare kenan. Jones ma ba ta yi ba, kafaɗa, ta rubuta takardar neman a wuce da ita gasar zaɓe kai tsaye aka amince. Wannan dabara ce da zan nuna a kashi na uku, wadda kowa ya san matsayinta ba ta ƙona jikinta a watan Mayu, Yuli ake hari.

Lee ce ta fi burge ni. Ita ta ci zinaren duka-kaya, wato jimillar makin mutum ɗaya a kaya huɗun, a Tokyo, a 2023 ciwon ƙoda ya kama ta har ta bar wasan jami'a a Auburn jikinta na kumbura, kocinta Jess Graba ya riƙa dawo da ita kaya ɗaya-ɗaya, katako da tsalle tukuna sauran daga baya. Ga ta yanzu tana yin huɗun.

An kira mutum 16 zuwa gasar zaɓe a Minneapolis. Wadda ta zo ta ɗaya a jimillar kwana biyu ta samu kujera kai tsaye, sauran huɗun kwamitin mutum uku ne zai zaɓa.

Alhamis, 20 ga Yuni

Hidimar Babbar Sallah ta tsayar da komai, edita ya tafi yawon cin nama. Kashi na ɗaya dai ya fita. An sake ɗaukar muryar na biyu saboda janareton maƙwabta ya shiga ciki. Masu cewa bidiyon ya yi tsawo na ji, na biyu zai ɗan fi gajarta amma ba sosai ba.

Asabar, 29 ga Yuni

Kai jama'a. Ranar Laraba a tirenin na gwajin fili agarar Blakely ta tsinke a dabe. Daren jiya ranar farko ta mata, Jones ta ji ciwo a gwiwa tana ɗumama jiki a tsallen tebur, ta daure ta hau sanduna ta yi su da kyau sannan ta bar sauran. Ana fara gasar kuma DiCello ta zo tsallenta na farko ita ma agara, a keken marasa lafiya aka fitar da ita tana kuka. Lee ce ke biye da ita a layi, ƙawarta ce, haka ta share hawaye ta yi gudu ta yi tsallenta.

Mutum uku daga cikin bakwai ɗin teburina a kwana uku. In ka haɗa da McClain agara uku kenan a wata ɗaya da 'yan kwanaki. Dabe da allon tsalle duk sifirin ne a ƙasansu, kuma wannan ne lokacin da aka bar ramin soso aka koma dira a mai tauri kullum ana maimaita cikakken wasa, jijiyar na shan duka a daidai lokacin da ba wadda za ta yarda ta huta. Na ƙara sabon sashe a kashi na uku kan wannan.

Litinin, 1 ga Yuli

Ban yi barci ba, tazarar awa shida ce tsakaninmu da Minneapolis, sai wajen asuba aka kira sunaye. Biles, Lee, Chiles, Carey, Rivera. Jones ba ta fito rana ta biyu ba. Joscelyn Roberson da Leanne Wong su ne 'yan ko-ta-kwana da za a tafi da su.

Makin: Biles 117.225 duk da ta faɗo daga katako, Lee 111.675, Chiles 111.425, Carey 111.350, Rivera 111.150, Roberson 110.975. Ku duba daga ta biyu zuwa ta shida, 0.7 ne kacal a wasa takwas. Tsakanin Rivera da Roberson 0.175, taku biyu wajen dira sun fi shi.

Wani zai ce to ai biyar na sama aka ɗauka, ina dogon bayanin gurbi 12 ɗin. Gaskiya ne an bi jeri, amma saka su a tebur ka gani. Tsallen tebur: Biles, Carey, Chiles, ya cika. Dabe: Biles, Carey, Chiles, ga Lee, ya cika har ya yi yawa. Sanduna: Lee, Biles, Chiles, ta huɗun fa? Katako: Biles, Lee, sai wa? Ramin da Jones da Blakely suka bari a nan yake. Roberson ƙarfinta tsalle da dabe, sanduna ne rauninta, ita kuwa Rivera sanduna da katako ne nata. Ko da Roberson ce ta zo ta biyar da 0.1 ni a ganina da sai kwamitin ya yi dogon zama. Wannan karon jeri da buƙata suka zo ɗaya, sun huta da surutu.

Shekaru kuma: Biles 27, Carey 24, Chiles 23, Lee 21, Rivera 16 ta cika su a watan jiya. Huɗu daga ciki duk sun je Tokyo. Rabon da Amurka ta kai mace mai shekarun Biles a jimnastik tun 1952. Doka ita ce sai yarinya za ta cika 16 a cikin shekarar gasar, tun 1997 haka yake, kuma ba wasa ake da ita ba don a 2010 an ƙwace wa China tagullar Sydney 2000 da aka gano Dong Fangxiao ba ta kai ba. A da ana ganin in yarinya ta wuce 18 ta tsufa. Abin da ya canza a nawa ganin, makin wahala yana son ƙarfi kuma ƙarfi na zuwa da shekaru, ga shi yanzu ana iya wasan jami'a a samu kuɗin talla a dawo, a 2024 Carey na Jami'ar Oregon State babanta ne kocinta, Chiles na Jami'ar UCLA.

Asabar, 20 ga Yuli

Kashi na biyu da na uku sun fita. Tawagar Amurka ta sauka Faransa, sun fara yada zango a Arques a arewacin ƙasar don jiki ya saba da lokaci kafin su shiga ƙauyen 'yan wasa. A wannan matakin ba a koyon sabon abu, ana rage yawa ne a riƙe kaifi, a jera wa zai fara wa zai rufe a kowane kaya.

Na ƙara minti biyu a kashi na huɗu kan yadda ƙasa kanta ke samun shiga, don wasu sun ɗauka kowa ke turo tawaga. Ƙasa 12 ne kawai. Uku sun samu a gasar duniya ta Liverpool 2022, Amurka, Birtaniya, Kanada, sauran tara a Antwerp 2023. Jamus ta zo ta 13, ba tawaga.

Jiya kuma labarin Japan ya fito. Kyaftin ɗinsu Shoko Miyata, shekara 19, wadda ta ci kofin NHK da ake zaɓe da shi, an dawo da ita gida daga sansaninsu na Monaco saboda shan sigari da giya, a Japan sai ka kai shekara 20 kuma dokar tawagar ta hana. Su huɗu za su yi. Ka shekara goma sha kana shiri.

Laraba, 31 ga Yuli

Ranar Lahadi da hantsi aka yi share fage a zauren Bercy da ke Paris. Biles ta ji sharaɓarta wajen ɗumama jiki a dabe, aka naɗe ƙafar da bandeji ta ci gaba tana ɗingishi tsakanin kaya, ta ƙare ta ɗaya da 59.566. Carey ba ta da lafiya ta watse a dabe, ita da ke riƙe da zinaren daben Tokyo ba ta shiga fainal ɗinsa ba.

Sai dokar mutum biyu kacal daga kowace ƙasa a fainal na duka-kaya. Lee 56.132, Chiles 56.065. Chiles ce ta huɗu a duniya ranar amma ba za ta shiga fainal na mutum 24 ba, saboda 0.067. Haka aka yi wa Jordyn Wieber a 2012 tana riƙe da kambun duniya, haka aka yi wa Douglas a 2016. Na fahimci dalilin dokar, ana so ƙananan ƙasashe su samu shiga, amma duk sanda na ga fuskar wadda ta faɗa wa sai in ji ba daɗi.

Jiya fainal na ƙungiya, ƙarfe biyar da kwata agogonmu. Amurka 171.296, Italiya 165.494, Brazil 164.497, Birtaniya ta rasa tagulla da 0.234. Ga yadda aka raba gurbi 12 ɗin: Biles huɗu, Chiles huɗu, Lee uku, Carey ɗaya, Rivera babu. Rivera sanduna da katako ta yi a share fage shikenan aikinta, ta karɓi zinarenta. Roberson da Wong da suka yi duk tirenin ɗin tare da su ba su da lamba, 'yan ko-ta-kwana ba a ba su. Chiles ta faɗo daga katako an ƙirga faɗuwar, duk da haka tazarar ta kusa maki 6.

Talata, 6 ga Agusta

Fainal na duka-kaya ya faɗo ranar Alhamis da aka fara zanga-zangar tsadar rayuwa, netwok ya yi ƙasa ga dokar hana fita a nan Kano, a guntu-guntu na kalla sai daga baya na ga cikakke. Biles ta yi kuskure a sanduna ta koma ta uku a rabin gasa, ta dawo ta ci da 59.131, Rebeca Andrade 57.932, Lee 56.465.

Na canza tsarin kashi na biyar gaba ɗaya. Da niyyata sakamako ne kawai, yanzu zai zama kan mutum biyu da ba 'yan Amurka ba.

Ta farko Kaylia Nemour, shekara 17, ta ci zinaren sanduna ranar Lahadi da 15.700 wa Aljeriya, lambar Olamfik ta farko a jimnastik ga Afirka baki ɗaya. A Faransa aka haife ta, a kulob ɗin Avoine-Beaumont ta tashi, Faransa take yi wa wasa. A 2021 aka yi mata aiki a gwiwoyi biyu, likitanta ya ce ta warke ta koma, likitan hukumar jimnastik ta Faransa ya ƙi sa hannu, ga kuma rigimar da ke tsakanin hukumar da kulob ɗin kan a kwashe 'yan wasa a kai cibiyar ƙasa. Ta koma ƙasar babanta, hukumar ta riƙe takardar sakinta sai 2023 dab da gasar Afirka a Pretoria, ta je ta ci, ta wuce Antwerp ta ɗauko azurfa a sanduna. Ita kuwa tawagar Faransa da ta ci tagulla a Antwerp, a gidanta ko fainal na ƙasa takwas ba ta shiga ba. Masu zaɓe su ma suna faɗuwa jarabawa, sai dai su ba a nuna makinsu a allo.

Ta biyu Andrade, 'yar Guarulhos, sau uku jijiyar gwiwarta na tsinkewa, 2015, 2017, 2019, duk a dawo da ita ita da kocinta Francisco Porath. Jiya ta ci zinaren dabe da 14.166, Biles 14.133 bayan ta fita layi sau biyu. Lambarta ta shida kenan, ba wanda ya kai ta a tarihin Brazil.

Masu tambaya Najeriya fa: Uche Eke ne ya fara zuwa mana a Tokyo, shi ya ci zinaren dokin hannu a wasannin Afirka na Rabat 2019, kuma a Amurka ya tashi, Jami'ar Michigan ya yi wa wasa. A Paris ba mu da kowa a jimnastik. Shi da Nemour duk a zauren wasu ƙasashe aka gina su, zan faɗi haka a bidiyon yadda yake.

Talata, 13 ga Agusta

Mun riga mun haɗa kashi na huɗu da hoton Biles da Chiles suna rusuna wa Andrade a kan dandamali, sai ga hukuncin kotun wasanni ranar Asabar. Abin da ya faru, Chiles ce ta ƙarshe a fainal na dabe aka ba ta 13.666, ta biyar. Cecile Landi ta shigar da ƙorafi kan makin wahala, shi kaɗai ake iya ƙorafi a kai banda na tsafta, aka ƙara 0.1 ta koma 13.766 ta haye Ana Barbosu ta Romaniya mai 13.700 wadda har ta ɗauko tuta. To a lokacin 'yar wasan ƙarshe minti ɗaya kocinta ke da shi na shigar da ƙorafi. Romaniya ta kai ƙara, kotun ta ce an yi latti da daƙiƙa 4, makin ya koma yadda yake, tagulla ta Barbosu ce. Amurka ta ce tana da bidiyon da ke nuna a daƙiƙa 47 aka yi magana, jiya kotun ta ce ba za ta sake buɗe shari'ar ba, su kuma sun ce za su wuce kotun Switzerland.

Don haka kashi na huɗu ya dawo kan tebur. Zan sake rubuta minti uku na ƙarshe in saka aikin koci a bakin fili, don shi ma cikin shiri yake: ya san makin wahalar da ya kamata a ba yarinyarsa tun kafin ta hau, idonsa na kan allo, ya san teburin da zai nufa. Hoton rusunawar yana nan ba za a cire ba, rubutu kawai za mu sa a ƙasa cewa lambar na gaban shari'a.

Saura ɗora muryar na huɗu ranar Alhamis in an samu wuta, sai rubutun Nemour da Andrade wanda na kai rabi. Ƙanena na neman hotunan Avoine da za mu iya amfani da su ba a rufe mana tasha ba, in ba a samu ba zane za mu yi.